Na'ura Ta Hau Titi: Ina Ƙungiyoyin Direbobinmu Suke?



Duk mai hawa titi a Ankara ko Kumasi cikin 'yan shekarun nan ya san harkar sufuri tana sauya kama. Tun 2016 Uber ta shigo Ankara, Bolt da Yango suka biyo baya, har ta kai yau ɗan sakandare yana kiran mota yana kwance a ɗaki. A 2020 hukumar inshora ta ƙasa ta buɗe rumbun bayanan motoci, inda kowa zai danna *920*57# a wayarsa, ya sa lambar mota, ya gani ko inshorarta ta gaske ce ko ta jabu. A 2023 'yan sanda suka gabatar da Traffitech-GH, wato kyamarori masu ɗaukar motar da ta tsallake jar danja ko ta wuce ƙa'idar gudu, sannan saƙon tara ya iske mai motar a waya. Kuɗin shingen hanya da aka soke a Nuwamba 2021 ma, gwamnati ta ce in zai dawo, ta na'ura zai dawo. Waɗannan duka, tare da danja mai lissafa yawan motoci da kanta, da katin biyan kuɗin mota, da na'urar bin sawu, su ne masana suke kira sufuri mai basira.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Wannan fasaha za ta zo, ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya rage a hannunmu shi ne ko za a tsara ta tare da mu, ko kuwa za a gama tsara ta a ofis a zo a ɗora mana. Kuma direba shi kaɗai, ko ɗan okada shi kaɗai, ba shi da bakin da zai kai teburin da ake wannan tsari. Ƙungiyar sana'a ce kawai take da wannan bakin, in ta gyaru.

Wani zai ce ina ruwan malamin makaranta da maganar tasha. Ruwana kuwa babba ne. A cikin yaran da suka bi ta ajina, waɗanda ba su zarce ba bayan jarrabawar BECE, da yawansu yau suna kan pragya ko okada ko aboboya, wasu yaran mota ne a torotoro, wasu suna koyon kanikanci a Suwame Magazin. Idan na tsaya bakin titi a Aboabo ko Asawase, da wuya in yi minti 10 ban ji wani ya kira ni “Malam” daga kan babur ba. A zangunanmu sufuri shi ne babban ma'aikatar da ba ta tambayar takardar shaida. Direbobin manyan motocin da suke kwaso albasa daga Nijar zuwa Adjen Kotoku, da masu dakon shanu daga arewa, da masu jan kaya daga tashar jirgin ruwa ta Tema zuwa Burkina Faso da Mali, ka duba da kyau za ka tarar da 'yan uwanmu sun cika cikinsu. Duk dokar da ta taɓa titi, tukunyar gidajenmu ta taɓa.

Kuma ai ba yau muka fara ba. Ita kanta kalmar zango sunan inda ayarin fatake yake sauka ne. Kakanninmu da suke zuwa Salaga sayen goro ba sa tafiya a warwatse. Akwai madugu mai jagorantar ayari, akwai jagaba mai shiga gaba, akwai uban dawaki, akwai maigida mai saukar baƙi a gari ya tsaya musu wajen ciniki. Madugu ne yake sanin inda ruwa yake, da inda 'yan fashi suke tarewa, da abin da za a biya kowane sarki kafin a wuce ƙasarsa. Wato dai shi ne mai riƙe da bayanan hanya, kuma da sunan ayari duka yake magana. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da mutanenmu suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Ankara da sauran garuruwa, da wannan tsari suka tafi. Abin da nake kira gare shi yau ba baƙo ba ne a wurinmu, kayan aikin ne kawai suka canza.

Bari mu duba inda aka gwada, mu ga abin da ya faru.

A Kenya, a 2013 kamfanin Google da bankin Equity suka fito da katin BebaPay domin biyan kuɗin matatu, wato torotoron can. Na'urar tana aiki, gwamnati ma tana goyon bayan a daina karɓar tsabar kuɗi. Amma zuwa 2015 an rufe shi. Babban dalili kuwa, direba da yaron mota daga tsabar kuɗin nan suke cire abincinsu na yini bayan sun cika wa mai mota nasa. Kati ya zo ya tura komai zuwa asusun mai mota, ba tare da an zauna an yanke albashin waɗanda suke cikin motar ba. To wane yaron mota ne zai taya ka haƙa ramin da shi zai faɗa? Sai su ce wa fasinja na'ura ta lalace, a kawo kuɗi.

Sai kuma Dakar ta Sanagal. A 2001 masu motocin haya suka haɗu ƙarƙashin ƙungiyar AFTU. Suka kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya tsaya wa 'ya'yansa wajen bashi, aka karɓi tsofaffin motoci aka ba su diyya, daga 2005 suka fara karɓar sababbin ƙananan bas na Tata da ake harhaɗawa a garin Thiès. A madadin haka suka amince da layi tsayayye, da wurin tsayawa, da ba fasinja tikiti. Mai mota ɗaya ba zai taɓa samun wannan bashi shi kaɗai ba, domin babu bankin da zai yarda da shi. Ƙungiya ce ta zama jingina. Kuma da aka samu tikiti da layi tsayayye, sai aka samu lissafi, wanda shi ne harsashin duk wata na'ura da za a ɗora daga baya. Ko a Legas, layin BRT na farko da aka buɗe a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, ƙungiyar direbobi ta NURTW ce ta kafa ƙungiyar gama-kai ta karɓi bashi ta sayi motocin da suka fara aiki a kansa.

Mu dawo gida. A ƙarshen 2016 aka ƙaddamar da Aayalolo a kan hanyar Amasaman zuwa Tudu, da motocin Scania 245 da katin biyan kuɗi. An sa ƙungiyoyin direbobi ciki, har sun kafa kamfanonin gudanar da motocin. Amma motocin ba su samu layinsu na kansu ba sai a 'yan wurare, suna maƙale cikin cunkoso ɗaya da kowa, torotoro kuma suna ci gaba da kwasar fasinja a kan hanya guda. Kafin 2018 ta ƙare aiki ya tsaya cik na wani lokaci saboda bashi da rashin kuɗin mai. Darasin da na ɗauka a nan biyu ne. Na farko, kati mai kyau ba ya maganin titin da ba a tsara ba. Na biyu, sa hannun shugabanni a takarda daban, yardar direban da yake lodi a tasha daban. Idan na ƙasa bai ga ribarsa ba, zai ci gaba da abin da ya saba.

To me ƙungiya za ta iya yi wanda mutum ɗaya ba zai iya ba?

Abu na farko shi ne lissafi. A 2023 hukumar birnin Kumasi ta hana pragya shiga tsakiyar gari, wajen Adum da Kejetia. Matasa suka fito zanga-zanga, aka tare hanya, aka yi arangama, aka kama wasu. Fushinsu ina ganin dalilinsa, domin a can fasinja yake. Amma a ganina da an fi jin maganarsu in da sun shiga ofis da takarda a hannu mai cewa mu kaza ne, muna ɗaukar mutum kaza a yini, ga awoyin da cunkoso ya fi tsanani, ga wuraren da muke neman a ba mu mu tsaya, ga lambar da za mu manna wa kowane ɗan ƙungiya domin a san mai laifi. Hukuma tana iya kore ihu da barkonon tsohuwa, amma alƙaluma sai ta zauna ta amsa su. Kuma tara irin wannan lissafi yau ba ya buƙatar miliyoyi. A Nairobi ɗaliban jami'a ne suka hau matatu da wayoyinsu suka zana taswirar layukan birnin, har ta shiga Google Maps a 2015. A Ankara ma an yi makamancinsa da layukan torotoro a aikin AccraMobile. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan kamashon tasha ya fi kowane injiniya sanin ƙarfe nawa Sofoline take cushewa, sai dai iliminsa a kansa yake, ba a rubuce ba.

Abu na biyu shi ne wayar da kai da yaren da mutane suke ji. Ku ɗauki maganar kyamarar tara. Saƙo yana zuwa ne ga wanda sunansa yake rajistar DVLA. Mu kuwa kowa ya san yadda muke sayen mota da babur: an yi ciniki gaban shaidu, an yi Fatiha, an miƙa takardu, amma ba a je an canza suna ba. Wata motar ta wuce hannu uku, sunan mai ita na farko ne a ofis. Ga kuma tsarin “yi aiki ka biya”, inda babur yake hannun yaro shekara ɗaya ko biyu da sunan maigida. Idan tara ta zo, wa zai biya? Wanda ya yi laifin bai ga saƙo ba, wanda ya ga saƙo bai yi laifi ba, kafin a ankara magana ta kai kotu, zumunci ya lalace. Wannan aikin ƙungiya ne: ta zauna da DVLA a ware ranakun canza suna ga 'ya'yanta, ta rubuta yarjejeniya guda mai sauƙi wadda ta fayyace wanda tara take kansa, a karanta ta da Hausa da Dagbanci da Tuwi kafin kowa ya dangwala hannu.

Abu na uku shi ne ciniki da kamfanonin manhaja. Yau kamfani ne yake yanke kuɗin tafiya, shi yake yanke kasonsa, kuma yana iya rufe asusun direba da safe ba tare da an ji ta bakinsa ba. Direba ɗaya in ya yi ƙorafi, saƙon na'ura ne zai amsa masa. Direba 5,000 masu rajista da shugabanci da lauya, mutum ne zai fito ya amsa musu. Ai mun ga yadda GPRTU da takwarorinta suke zama da ma'aikatar sufuri kafin a ƙara ko a rage kuɗin mota, kamar ragin kashi 15 cikin 100 da aka yi a watan Mayu 2025. Irin wannan teburin ya kamata a samu a harkar manhaja. Akwai kuma maganar bayanai. Duk inda direba ya bi, da lokacin da ya tsaya salla, da gidan da ya sauke fasinja, na'ura tana rubutawa. Muna da dokar kare bayanan jama'a ta 2012, amma doka ba ta tashi da kanta, sai an samu mai bin kadinta. Mu da muke 'yan tsiraru, kuma aka saba yi wa unguwanninmu kallon zargi, mun fi kowa buƙatar sanin wanda yake riƙe da waɗannan bayanai da abin da yake yi da su.

Abu na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne rai. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa sun nuna sama da mutum 2,400 ne suka mutu a titunanmu a 2024, kuma masu babur suna da kaso mai yawa a ciki. Ba mu manta da haɗarin hanyar Kintampo na watan Maris 2019 ba, inda manyan bas biyu suka yi karo cikin dare, fiye da mutum 50 suka rasu. Dokar hanya ta 2012, wato L.I. 2180, ta hana direban haya tuƙi fiye da awa 4 a jere ba hutu, ko fiye da awa 8 a yini. Wa yake duba wannan? Ɗan sanda a shinge ba zai san ƙarfe nawa direba ya tashi daga Bawku ba. Amma tashar da ta yi masa lodi ta sani, kuma in akwai na'urar bin sawu a motar, ofishin ƙungiya zai ga gudunsa da tsayuwarsa. Ƙungiyar da za ta iya hana direba lodi saboda bai biya kuɗin tikitin yini ba, ai za ta iya hana shi lodi saboda bai yi barci ba. Mun yi imani da ƙaddara, amma addininmu bai ce mu bar sababi ba. Fasinja amana ne, kuma za a tambayi wanda ya ɗauke shi da wanda ya ba da izinin a ɗauke shi.

Na san abin da da yawa daga cikin masu karatu za su ce, domin ina jin sa a majalisa. Za su ce Malam, waɗanne ƙungiyoyi? Waɗanda ba su san komai ba sai yankar tikiti? Waɗanda shugaba yake shekara 20 a kujera ba zaɓe, ba a taɓa karanta lissafin kuɗi ba, in zaɓen ƙasa ya zo a mai da tasha ofishin jam'iyya, in gwamnati ta canza a zo da ƙarti a ƙwace ta? Wannan ƙorafi gaskiya ne a wurare da dama, kuma ba zan kare shi ba. Har ma ina ganin wasu shugabannin suna ƙin na'ura ne saboda za ta tona abin da yake shiga aljihu. Idan kuɗin yini ya koma ta MoMo zuwa asusun ƙungiya, kowa zai ga adadi.

Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In mun watsar da ƙungiya saboda lalacewarta, kujerarta ba za ta zauna babu kowa ba, kamfani ne zai hau. A 2012 doka ta haramta haya da babur da mai ƙafa uku. Shugaba Mahama ya yi alƙawarin halatta okada tun yaƙin neman zaɓen 2020, kuma bayan dawowarsa mulki a Janairu 2025 daftarin da ma'aikatar sufuri ta fitar ya tanadi cewa sai ɗan okada ya kasance ƙarƙashin ƙungiya ko kamfani mai lasisi. Ke nan ƙofa biyu ce. Ko yaranmu su shiga ta ƙungiyar da suke da ƙuri'a a cikinta, ko su shiga ta kamfanin da ba su da ko kujerar zama.

Ni ɗan ƙungiyar malamai ne ta GNAT, kuma muna da namu ƙorafe-ƙorafen a kan shugabanninmu. Duk da haka na ga amfaninta da idona. Lokacin da aka kawo jarrabawar lasisin koyarwa a 2018, da sabuwar manhajar karatu a 2019, da ba mu da ƙungiyoyi da sai dai mu ji a rediyo kamar kowa. Asusun malamai da ake cire mana kaɗan-kaɗan a wata, da shi abokan aiki da yawa suka yi rufin ɗaki ko suka ƙaro karatu. Ku yi wannan lissafi a tasha. A ce reshe yana da mutum 200, kowa ya ajiye sidi 2 a yini, sidi 400 ke nan. A kwana 26 an tara sidi 10,400. Wannan ya isa a fara sayen hular kwano mai inganci, a sa na'urar bin sawu a babura kaɗan-kaɗan domin maganin ɓarayi, a biya matashi ɗaya mai ilimin kwamfuta ya riƙe rajista. Kuɗin nan dama ana karɓarsu, inda suke tafiya ne ba a sani ba.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wato ƙungiyoyin masu ilimin boko, irin su ƙungiyar injiniyoyi ta Gana da cibiyar ƙwararrun sufuri ta CILT. Su ma suna da aiki babba. Su ne ya kamata su tsaya a kan cewa duk na'urar da gwamnati za ta saya tana da ma'auni guda, domin kada katin Ankara ya ƙi aiki a Kumasi, kada kuma a kafa danja mai tsada wadda in ta mutu sai an jira wani daga ƙasar waje. Duk mun ga mahaɗar da danjarta take mace wata da watanni, yaran unguwa suna ba da hannu da reshen itace. A Turai da Amurka tun 1991 aka kafa ERTICO da ITS America domin haɗa gwamnati da kamfanoni da masu bincike a kan irin wannan daidaito. Roƙona ga namu shi ne su fito daga ɗakunan taron otal. Taron da aka yi da Turanci zalla a kan makomar torotoro, babu direban torotoro ko ɗaya a ciki, rabin taro ne. 'Ya'yan zango da suka gama KNUST da jami'o'in fasaha, ku ne gadar. Kun iya yaren injiniya, kun iya yaren tasha.

Saboda haka ga abin da nake ba da shawara. Kowane reshe na okada da pragya a zangunanmu ya yi rajistar 'ya'yansa kafin hukuma ta zo ta yi masa, da suna da lambar Ghana Card da lambar babur. A mai da kuɗin yini ta waya, a riƙa karanta lissafi duk wata uku a gaban kowa. A sa wa'adin shugabanci, a raba tasha da tutar jam'iyya. Duk wani tsarin kati da za a kawo, a fara da tambayar ina yaron mota zai koma, kuma nawa ne albashinsa, kafin a yi maganar na'ura. Sarakunan zango da limamai su kira shugabannin tasha su tambaye su inda aka kwana, yadda suke kiran taro in an yi rikicin fili. Asusun raya zanguna da aka kafa da dokar 2017 shi ma a tunkare shi da takardar neman horar da matasa gyaran na'urorin mota na zamani, domin kanikancin gobe rabinsa kwamfuta ne. Mu malamai kuma mu buɗe ajujuwanmu da yamma ga direban da yake so ya koyi karanta saƙon waya da taswira. Ni dai a shirye nake da nawa ajin.

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kamfanonin manhaja suna da lauyoyinsu, masu shigo da na'ura suna da wakilansu, gwamnati tana da masu ba ta shawara. Yaron da yake tashi da asuba ya tura babur daga Sabon Zango ko Nima ko Ashaiman ba shi da kowa sai 'yan uwansa na tasha. Ya rage gare mu mu sa wannan 'yan uwantaka ta zama ƙungiya mai rajista da lissafi da murya, tun kafin a gama rubuta dokokin.

Allah ya kiyaye hanya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa albarka a neman kowa. Amin.